Nok Sensa: Suna Guda, Ƙara Biyu, da Kalmar da Ta Faɗi a Hanya

A duk kalmomin da ake furtawa a gareji, babu wadda ke faɗar da gaban mai mota kamar "nok". Idan aka ce injin wane ya yi nokin, ko aka ce ya buga, ba a bukatar ƙarin bayani: mota ta kwanta, sai an sauke inji, sai an nemi kuranshaf da metal da ringi, ko kuma a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a sayo wani injin ɗungurungum. Shi ya sa ranar da wutar cek ta kama, aka sa wa mota kwamfuta, mai kwamfutar ya ɗago ya ce, "Alhaji, nok sensa ce," abin da bakinsa ya faɗa daban, abin da kunnen Alhaji ya ji daban. Wani ya ɗauka injinsa na gab da bugawa, ya shiga neman mai saye a asirce. Wani kuma ya ce ai ƙaramin abu ne, a cire a sa sabo, ya biya kuɗin kaya da na aiki, ba a jima ba wutar ta sake kamawa.

Dukansu biyu suna ne ya ɓatar da su. A littattafan masu ƙera motoci, abin da lambar kwamfutar ke nufi kalmomi uku ne na Turanci: knock sensor circuit. Ta farko ta iso wurinmu ta tarar wata ma'ana ta riga ta zauna a mazauninta. Ta biyu ta iso lafiya, amma ba kowa ya san aikin abin da aka raɗa wa ita ba. Ta uku kuwa a hanya ta faɗi, alhali ita ce ta fi sauran amfani ga mai gyara. Hausawa sun ce suna linzami ne. A sana'ar kanikanci hannu yake ja: inda suna ya nuna, can sufana ke zuwa.

Ƙara biyu da suka ɗauki suna ɗaya

A injin fetur, fistin yana hawowa cikin silinda yana matse iska da mai. Saura ƙiris ya kai ƙarshen hawansa, sai filogi ya ƙyasta. Wutar da ta tashi ci take yi, daga bakin filogi tana bazuwa zuwa bangon silinda, matsi yana ƙaruwa cikin tsari yana tura fistin ƙasa. Haka ake so. Sai dai yayin da wutar ke tafiya, tana ƙara matse ragowar iska da man da ba ta kai gare su ba tukuna, can gefe, tana ƙara gasa su. Idan zafi da matsi suka wuce abin da man zai iya jurewa, ragowar nan ba ta jiran wutar filogi, sai ta kama da kanta gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan kamawar ta ba-zata tana tayar da igiyar matsi da ke kai-komo tsakanin bangon silinda da gudun da ya kusa mita 1,000 a daƙiƙa, har ƙarfen inji ya yi amo. A matsakaicin injin mota, rawar ƙarfen takan kai sau 6,000 zuwa 7,000 a daƙiƙa guda. Kunnen mutum yana jin ta siririya, ƙyas-ƙyas-ƙyas, musamman idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu a babbar giya, ga rana ta take.

Sunayen da aka ba wannan ƙara a ƙasashen da suka fara ƙera mota kusan duk kwaikwayon amonta ne. Mutanen Ingila suna cewa pinking, Amurkawa pinging. Faransawa suna cewa cliquetis, wato ƙarar ƙananan ƙarafa idan suna taɓa juna. Jamusawa suna da Klopfen, ƙwanƙwasa ke nan, da Klingeln, kaɗawar ƙararrawa. Duk wanda ya saurari waɗannan sunaye ya san ƙara ce mai kaifi, marar nauyi. Ita ce nok ɗin da sensar ke sauraro.

Nok na biyu daga ƙasan inji yake fitowa. Tsakanin sandar fistin da kuranshaf akwai metal, ɓawo biyu na ƙarfe mai laushi da ke tafiya a kan siririn baƙin mai. Idan baƙin mai ya ƙare, ko ya tsufa ya lalace, ko famfonsa ya gaza, metal ya cinye, rata ta buɗe, sanda ta riƙa dukan kuranshaf a kowane juyi. Wannan ƙara mai nauyi ce, gwaf-gwaf, tana bin gudun inji, ƙarshenta kuma inji ya kafe ko sanda ta fasa bulok ta leƙo. Turanci ya kira wannan ma da kalmar knock, yana bambanta shi da na farko ta hanyar ƙara sunan sandar a gaba. A Najeriya wannan ma'anar ce ta mamaye kalmar, domin ita ce mai cin aljihu, ita ce ake ba da labarinta a tasha. "Inji ya buga" fassararta ce, kuma ta zauna daram a bakin Bahaushe.

Kanikawan Yamai da Maraɗi da Damagaram, da yake daga Faransanci suka gaji kalmomin sana'a, harshen bai haɗa musu abubuwan biyu a suna ɗaya ba. Sensar dai capteur de cliquetis ce. Bugawar inji kuwa bielle coulée ce, sandar da metal ɗinta ya narke. Mai mota a can ba zai ji sunan sensar gabansa ya faɗi ba, domin babu kalmar da ta haɗa ta da mutuwar inji.

Akwai dangantaka tsakanin ƙarar biyu, amma ta sanadi ce. Ƙwanƙwasar sama idan ta daɗe tana yi da ƙarfi, tana zaizaye kan fistin, tana karya mazaunin ringi, tana ƙona gasket ɗin tof silinda, dukan da take yi kuma yana sauka har kan metal. Aikin sensar shi ne ta hana wannan tun yana ƙarami. Ba a sa ta don ta ba da sanarwar cewa metal ya cinye ba, lambarta kuma ba ta nufin haka.

Wata matsala ta uku da ake cusawa cikin sunan ita ce riga-kamawa, inda wani wuri mai zafi a ɗakin ƙuna, kamar bakin filogin da ya yi ja ko dauɗar ƙuna da ta taru, ya kunna mai tun filogi bai ƙyasta ba. Wannan kafin ƙyastawa yake faruwa, ƙwanƙwasa kuwa bayanta. Yakan huda fistin cikin ɗan lokaci, sau da yawa ba tare da wata ƙara mai yawa ba.

Sunayen da yaƙi da ƙwanƙwasa ya haifa

Tun farkon ƙarni na 20 wannan ƙara ta tsaya wa masu ƙera inji a wuya, domin duk lokacin da suka ƙara matsi don inji ya ƙara ƙarfi ya rage shan mai, sai ta taso. A Ingila Harry Ricardo ya yi bincike mai zurfi a kanta, ya nuna yadda irin mai da siffar ɗakin ƙuna ke jawo ta ko hana ta. A Amurka, a ɗakin binciken General Motors da ke Dayton ƙarƙashin Charles Kettering, Thomas Midgley ya gano a Disamban 1921 cewa ɗan kaɗan na wani sinadari mai ɗauke da dalma yana kashe ƙwanƙwasa idan aka zuba shi a fetur. A 1923 aka fara sayar da man da sunan Ethyl. Sunan bai ambaci dalma ba, alhali gubarta sananniya ce tun kafin lokacin. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 mun san nauyin kalmar da aka ɓoye. An shafe kusan shekara ɗari ana ƙona wannan mai a titunan duniya. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi ga motoci, a 2021.

Daga wannan yaƙin ne kuma kalmar oktan ta fito. Wajen 1927 Graham Edgar ya tsara ma'auni da sinadarai biyu: ɗaya mai jure matsi ƙwarai, aka ba shi 100, ɗaya mai saurin kamawa da kansa, aka ba shi 0. Man da ya jure kamar cakuda mai kashi 91 na na farko, lambarsa 91. Lambar oktan ke nan: awon juriyar mai ga ƙwanƙwasa. Ba ta auna ƙarfin da ke cikin man, ko da yake mutane da yawa haka suke ɗauka. Hanyar awon ma ba ɗaya ba ce. Lamba 87 da ake gani a littafin motar da aka shigo da ita daga Amurka matsakaicin gwaji biyu ce, kuma tana daidai da wajen 91 a ma'aunin da Turai da yawancin duniya ke amfani da shi.

Kafin zuwan sensa, bayan mai, abin dogaro shi ne kunnen bakanike. Waɗanda suka yi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, suna tuna yadda ake sassauta notin distiributa a juya ta kaɗan, a fita gwaji a taka totur, idan an ji ƙyas-ƙyas a dawo a ja taimin baya har ƙarar ta ɗauke. Saiti ɗaya ake yi, da shi mota za ta yi sanyin hunturu da zafin bazara, da mai mai kyau da marar kyau. Abin da Buick ya yi a motarsa mai turbo ta 1978, da Saab na Suwidin a farkon shekarun 1980, shi ne ɗaure wannan sauraron a jikin inji, ya zama ana yin sa a kowane juyi.

Me ake nufi da sensa a nan

Yawancin sensocin mota awo suke yi: zafin ruwa, yawan iska, juyin kuranshaf. Wannan kuwa kunne ce. A cikinta akwai ɗan faifan tangaran na musamman wanda idan aka matse shi ko aka girgiza shi yake fitar da 'yar wutar lantarki da kansa. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano wannan hali a wasu duwatsu a 1880, aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci piezein, wato matsawa. An ɗaure sensar da noti a jikin bulok domin duk rawar da ƙarfe ya yi ta ratsa faifan. Siginar da take aikawa ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa a motoci da yawa wayarta ke da rigar saƙar ƙarfe mai kare ta daga hayaniyar wutar filogi.

Kwamfutar inji, wadda kanikawa ke kira burenbos, wasu kuma ƙwaƙwalwar mota, ita ce ke tace abin da ya iso. Ba ta sauraron komai da komai. Tana buɗe kunne ne a ɗan taƙin da ke biye da ƙyastawar kowace silinda, tana neman amon nan mai kaifi. Idan ta ji, ta jinkirta ƙyastawar filogi da 'yan digiri. Ƙara ta ɗauke, ta riƙa mayar da taimin gaba sannu a hankali. Ta haka inji ke tafiya a daidai bakin iyakar ƙarfinsa ba tare da ya cutu ba.

Sensar iri biyu ce, kuma sunayensu suna da amfani ga mai awo. Tsohon iri, mai kama da babban noti da ake murɗawa cikin bulok, yawanci da waya ɗaya, an gina shi ne ya amsa amo guda da ya dace da faɗin silindar wannan injin. Saboda haka na wani injin ba lallai ya yi aiki a wani ba, ko da zaren notin ya shiga. Sabon iri zobe ne, noti yana ratsa tsakiyarsa, yawanci da waya biyu, yana ɗaukar amo mai faɗi ya bar wa kwamfuta tacewa.

Sai kalmar banki, wadda ba ta da alaƙa da gidan ajiyar kuɗi. A inji mai silinda shida ko takwas da aka jera su layi biyu, kowane layi banki ne. Banki na 1 shi ne layin da silinda ta 1 take, ba wai na dama ko na hagu ko na gaba ba. Wanda bai tabbatar da wannan a littafin motar ba yana iya canza lafiyayyar sensa ya bar marar lafiyar.

Kalmar da ta faɗi a hanya

Daga motocin shekarar 1996, dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a ƙasar ta zo da soket mai ramuka 16 kusa da mazaunin direba, da lambobin matsala na bai-ɗaya. Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Da yake motocin da ake shigo mana da su ta Legas da Kwatano daga waɗannan ƙasashe suke fitowa, harshen waɗannan lambobi ya zama harshen garejinmu.

Lamba kamar P0325 tana da ma'ana harafi-harafi. P na nufin ɓangaren inji da giya. Sifili na nufin lamba ce ta kowa da kowa, ba ta kamfani guda ba. Uku na nufin sashen ƙyasta wuta. Biyun ƙarshe su ne ainihin matsalar. P0325 tana cewa akwai matsala a da'irar sensa ta 1. P0326 tana cewa siginar ta fita daga abin da ake tsammani. P0327 ta yi ƙasa da yawa, P0328 ta yi sama da yawa, P0329 tana ɗaukewa tana dawowa. Daga P0330 zuwa P0334 maimaicin waɗannan ne ga sensa ta 2.

A cikin kowace daga cikinsu akwai kalmar circuit, wato da'ira, abin da masu wayarin namu ke kira layi. Layin ya haɗa sensar, da zamanta a jikin bulok, da soket ɗinta, da wayar da ta taso daga nan, da duk wani soket na tsakiya, da rigar kariya, har zuwa ƙafar kwamfuta da abin da ke cikinta. Kwamfuta a ƙarshen waya take zaune, ba ta ganin sensa. Abin da kawai ta sani shi ne abin da ya iso mata ba daidai ba ne. Ba ta da hanyar sanin ko faifan ne ya fashe, ko ɓera ne ya ci waya, ko ruwa ne ya kwanta a soket. Masu tsara lambobin sun faɗi gaskiyar iyakar saninta da suka sa kalmar layi. Mu ne muka yar da kalmar, "matsala a layin nok sensa" ta koma "nok sensa ce", aka bar jaki ana dukan taiki.

Kalmomin ƙasa da sama ma suna ruɗarwa. Maganar awon wutar da ke kan waya suke yi, ba yawan ƙwanƙwasa ba. Kuma ma'anarsu tana bin yadda kamfani ya gina layin. A injinan Toyota masu sensar zobe, kwamfuta tana sa P0327 idan wutar ta faɗi ƙasa da rabin volt, abin da ke nuna waya ta taɓa jikin ƙarfe, tana sa P0328 idan ta haura volt 4.5, abin da ke nuna waya ta yanke ko soket ya cire. A wasu injinan General Motors masu silinda takwas kuwa, yankewar layi lambar ƙasa take jawowa. Lamba ɗaya, hanyar isa gare ta daban, shi ya sa zanen wayoyin motar da ke gabanka ya fi duk wani zato.

Binciken da ya bi suna cikakke

Wanda ya riƙe kalmomin uku, su da kansu za su jera masa aiki. Farko ya rubuta lambar kafin ya goge ta, tare da bayanan da kwamfuta ta adana na lokacin da matsalar ta faru: gudun inji, zafin ruwa, nauyin da inji ke ja. Ya duba ko akwai wasu lambobi na zafi, ko na ƙarancin mai, domin su ne ke kawo ƙwanƙwasa ta gaske.

Sai ya tambayi kalma ta farko: akwai ƙara ko babu? Ya duba baƙin mai, ya saurari inji. Sakakken noti a mariƙin kwamfiresa, ƙarfen da ke kaɗawa a jikin salansa, ko bawul mai ƙara, duk suna iya shiga kunnen sensa kwamfuta ta ɗauka ƙwanƙwasa ce. A nan sensar lafiya lau take, gaskiyar abin da ta ji take faɗa.

Sai kalma ta uku, tun kafin ta biyu, domin ita ce mai arha kuma ita ce mai yawan laifi. A bi waya da ido da hannu: inda zafi ya busar da robarta, inda ta gogi ƙarfe, inda aka taɓa yanka ta aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, inda bakin soket ya yi kore. Sannan a ɗauko mita. A cire soket a auna ko waya tana kaiwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ko tana taɓa jikin mota, ko tana taɓa layin batir. A girgiza ta ana kallon mita, domin matsala mai ɗaukewa da dawowa ba ta bayyana a waya mai kwance.

Daga nan a zo kan sensar. Sensoci da yawa suna da rezista a ciki, an sa ta ne musamman don kwamfuta ta iya gane yankewar layi. Ta zoben Toyota takan nuna om 120,000 zuwa 280,000 idan inji ya huce. Ta injinan Nissan da yawa, 500,000 zuwa 620,000. Ta waɗancan injinan General Motors, 93,000 zuwa 107,000. Amma awon nan rezistar kawai yake tabbatarwa, bai ce faifan yana ji ba. Don sanin wannan akan ƙwanƙwasa bulok da sufana kusa da sensar, ba a kanta ba, ana kallon ko mita ko osiloskop zai nuna motsi. A tsofaffin motoci har taimin kan ja baya a gani. A sababbi kwamfuta na iya ƙin kulawa, domin bugun sufana bai faɗo cikin taƙin da take sauraro ba, kuma wannan ba shaidar lalacewa ba ce.

A inji mai sensa biyu akwai gwaji mai kyau da ba ya cin ko kwabo. A soket na tsakiya, a musanya wayoyin biyu, a goge lamba, a fita gwaji. Idan P0325 ta koma P0330, matsalar ta bi sensar ko guntuwar wayarta. Idan lambar ba ta canza ba, matsalar tana tsakanin soket ɗin da kwamfuta. Ita kwamfutar kanta ita ce ta ƙarshen zargi, ba a kai gare ta sai an wanke kowa.

Ɗaurin ma cikin layi yake. Mazaunin sensa ya zama a goge yake tas, babu tsatsa, babu washa da ba a ce a sa ba. Ɗaurin notin zoben Toyota niyutan-mita 20 ne. Idan ya yi sako-sako ba ta ji sosai, idan aka matse fiye da kima faifan na iya lalacewa ko ya canza yadda yake ji. Wadda ta faɗi ƙasa a kan siminti abar tuhuma ce ko da sabuwa ce. Game da jabu kuwa, araha ba ta ado, ballantana a wurin da sai an kwance rabin saman inji kafin a kai gare shi.

Injin da ya koya wa mutane da yawa

Injin Toyota mai silinda shida da ake kira 1MZ-FE, wanda ke cikin Camry da Sienna da Highlander da Lexus RX300, ya cika titunanmu, kuma a kansa wannan magana ta fi fitowa fili. Sensocinsa biyu suna kwance a kwarin da ke tsakanin bankunan biyu, ƙarƙashin manifol. Wuri ne mai zafi da ba ya shan iska, kuma guntuwar wayar da ke haɗa su da sauran layi takan bushe ta yi ƙaras da shekaru. Idan kwamfuta ta rasa siginar, sai ta koma tsarin kare kai: ta ja taimin baya sosai, domin gara inji ya rasa ƙarfi da ya ƙwanƙwasa ba mai ji. Mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, kuma a yawancin waɗannan motoci giyar ƙarshe ta daina shiga.

A nan wani sunan kan sake shigowa ya ɓatar: mai mota ya ce giya ce ta lalace, ya nufi mai gyaran giya. Wanda bai fara karanta lamba ba yana iya sauke giyabos lafiyayye saboda wayar da ba ta kai kamu biyu ba. Wanda ya karanta lambar rabi kuwa, ya kwance manifol ya sa sababbin sensoci, ya mayar da tsohuwar wayar, aikin ya dawo. Ƙwararru a kan wannan inji ba sa rufe shi sai sun canza guntuwar wayar tare da sensocin.

Akwai masu dabarar kashe wutar cek ba tare da gyara ba: a haɗa wayar banki ɗaya ta ciyar da ƙafafu biyu, ko a sa rezista a madadin sensa, ko a ɗaure ta a wani wuri mai sauƙin kaiwa nesa da silinda. Wuta na iya mutuwa, ƙarfi ya dawo. Abin da aka yi shi ne an sa kwamfuta ta yarda tana ji alhali ba ta ji, ko rabi take ji. A ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ake lodi fiye da kima, ingancin mai kuma yake bambanta daga gidan mai zuwa na bumburutu, wannan kariyar ba ta ado ba ce. Ta wannan hanya ce nok na farko ke kai mota ga nok na biyu.

Sunan da ya dace da bakinmu

"Nok sensa" ta riga ta zauna, kamar yadda filogi da totur da lagireto suka zauna, kuma da ita za a ci gaba da sayen kaya a kasuwa. Abin da ya rage mana shi ne mu raba abin da aron ya haɗa, kuma Hausa tana da kayan yin haka. Ƙarar sama, ta wuta, ƙwanƙwasa ce. Ƙarar ƙasa, ta ƙarfe, bugawa ce, kamar yadda muka saba faɗa. Sensar kunnen inji ce. Abin da lamba ke ƙorafi a kai shi ne layin kunnen inji. Bakaniken da ya ce, "Ranka ya daɗe, injinka bai buga ba, layin kunnensa ne ke da matsala, bari mu auna mu ga inda take," ya kwantar da hankalin mai mota, ya faɗi gaskiya daidai gwargwadon abin da aka sani, kuma ya ɗaure kansa da yin awo kafin saye.

Nauyin farko yana kan iyayen gida a gareji, domin yaro yadda ya ji Oga yana kiran abu haka zai kira shi har ya buɗe nasa wurin. A koya masa ya karanta jimlar lamba har ƙarshe, a koya masa riƙe mita kamar yadda ake koya masa riƙe sufana. Masu shirye-shiryen motoci a gidajen rediyo da malaman makarantun koyon sana'a su ma suna da hannu a wannan. Mai mota kuma yana da haƙƙin tambayoyi uku kafin ya zaro kuɗi: wace lamba ce ta fito, me aka auna, nawa mita ta nuna? Bakaniken da ya san aikinsa zai amsa su ba tare da ɓata rai ba, wanda bai iya amsawa ba kuwa bai gama bincike ba tukuna.